Yadda Cibiyar Nazari Ke Sa Hannu a Tattaunawar Sauyin Yanayi Alhali Ba Ta da Kujera

Karon farko da cibiyarmu ta tura ni babban taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ake kira COP, rabin akwatina rahoto ne. Shafi 64, bugu mai sheƙi, wata bakwai muka yi a kansa. Na jera kwafe-kwafen a teburin da aka ware mana, na tsaya jiran wakilan ƙasashe su zo su yi wawaso. Ranar rufe taro sai da na kwashe kusan duka na zuba a kwandon takardu, don ba zan sake biyan kuɗin nauyin kaya saboda su ba. Abin da ya yi aiki a wannan tafiyar wata 'yar takarda ce mai layi tara da na rubuta a tsaye a bakin ƙofar wani ɗakin taro. Wata wakiliya ce ta tambaye ni ko akwai tsohon ƙuduri da ya taɓa amfani da kalmar da ƙasarta ke son a saka a daftari. Akwai kuwa. Na nemo mata lambar ƙudurin da sakin layin, ta shiga da takardar, bayan kamar rabin awa na ji tana karanta shi a lasifika, waɗanda ke jayayya da ita suka yi shiru.

Wannan bayanin na wanda ke aiki ne a cibiyar nazari kan ci gaba mai ɗorewa, aka ce masa ya shirya zai fara bin tattaunawar sauyin yanayi. Abin da zan faɗa, yawancinsa sai da na yi kuskure na koya.

San matsayinka tukuna

Yarjejeniyar da ta haifi wannan tattaunawa ita ce UNFCCC, wadda aka buɗe don sa hannu a taron Rio de Janeiro a 1992, ta fara aiki a watan Maris na 1994. Ƙasashe kusan 200 ne a ciki, har da Tarayyar Turai. Su ne masu ɗaki. Su ke da allon suna a gabansu, su ke ɗaga shi a ba su damar magana, su ke cewa sun yarda ko ba su yarda ba. Kai ɗan kallo ne. Sashe na 7 na yarjejeniyar ya ba ƙungiyoyi damar halarta a matsayin masu sa ido, iyakarta ke nan. A ɗakuna da yawa kujerarka tana can baya, idan aka ce taron na sirri ne kuma, kai za a fara nuna wa ƙofa.

Akwai wani abu da ya kamata ka sani tun ranar farko, domin shi ke bayyana duk wani jan ƙafa da za ka gani. Tun taron farko a Berlin a 1995 ƙasashe suka kasa amincewa da doka ta 42 ta tsarin gudanar da taro, wadda ta shafi jefa ƙuri'a. Har yau ba a amince da ita ba. Saboda haka ba a ƙirga hannu, sai dai a nemi matsayar da babu wanda ya tashi ya ƙi. Ba kullum ne hakan ke nufin kowa ya yarda ba. A Cancun a 2010 Bolibiya ta ƙi amincewa ƙarara, shugabar taron Patricia Espinosa ta buga gudumarta aka wuce. Amma a mafi yawan lokuta, ƙasashe ƙalilan sun isa su tsayar da komai. Ma'anar wannan a wurinka ita ce, hujjar da ta gamsar da masu rinjaye ba ta wadatar ba. Dole ka riƙa tambayar kanka: wa zai ƙi wannan, don me, kuma da wace kalma zai iya haƙura?

Maganar katin shiga ba ta da daɗin ji, amma ita ce ƙofa. Cibiyarku za ta nemi rajista a sakatariyar yarjejeniyar da ke Bonn a Jamus, ta nuna takardun da ke tabbatar da cewa tana da rajista a hukumance kuma ba ta neman riba. Ku nema fiye da shekara guda kafin taron da kuke son zuwa, domin babban taron ne da kansa yake amincewa da sabbin ƙungiyoyi. Bayan an karɓe ku ma, kowace shekara sakatariya ce ke yanke adadin mutanen da za ku kawo, kuma sau da yawa bai kai abin da kuka nema ba. Mu kan raba gurbi ɗaya gida biyu, wani ya yi makon farko, wani ya karɓa a na biyu. Idan ba ku samu rajista ba tukuna, ku roƙi wata ƙungiya mai rajista ta saka sunan mutuminku a jerinta.

Masu sa ido na ƙungiyoyi masu zaman kansu sun kasu rukuni tara: 'yan kasuwa, 'yan rajin kare muhalli, manoma, 'yan asalin yankuna, ƙananan hukumomi, ƙungiyoyin ƙwadago, mata, matasa, sai masu bincike. Na ƙarshen nan, wanda ake kira RINGO, shi ne gidan cibiyoyin nazari da jami'o'i. Bambancinsa da sauran shi ne ba ya ɗaukar matsaya ɗaya ya yi mata yaƙi. Ka shiga jerin wasiƙunsu, ka riƙa zuwa zamansu, domin ta hannun rukunin ake raba tikitin shiga ɗakunan da aka ƙayyade yawan 'yan kallo.

Wata hanya kuma ita ce wata ƙasa ta ɗauke ka cikin tawagarta a matsayin mai ba da shawara. A nan katinka zai tashi daga rawaya ya koma ruwan hoda, ƙofofin da ke rufe su buɗe. Na taɓa yi sau biyu. Amma ka sani daga wannan lokacin bakinka na tawagar ne. Ba ka da ikon faɗa wa ɗan jarida ra'ayinka, ba ka da ikon rubuta abin da ka ji a ɗaki, ko da ka ga matsayar ƙasar ba ta yi daidai da bincikenku ba. Ku zauna a cibiya ku yanke shawara a kan wannan tun kafin tayin ya zo.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne ɗaukar watan Nuwamba, lokacin da aka saba yin babban taron, a matsayin lokacin aiki. Wakilin da ya sauka daga jirgi a birnin taro ya riga ya zo da umarni daga gwamnatinsa, ƙungiyar ƙasashen da yake ciki kuma ta riga ta tsayar da matsaya. Binciken da ka miƙa masa a ranar ya makara.

Ga yadda shekarar take tafiya. Kowane babban taro yana ƙarewa da jerin ayyuka: a rubuto ra'ayi kan abu kaza kafin rana kaza, a shirya bita kan abu kaza. Yawancin waɗannan kiraye-kirayen a buɗe suke ga masu sa ido, wa'adin farko kuma yakan faɗo a Fabrairu ko Maris. Sakatariya tana tattara abin da aka aiko ta yi rahoto, rahoton kuma shi ake ɗorawa a teburin wakilai. Wannan ce hanya mafi arha da tunanin cibiyarku zai shiga takardun hukuma, amma za ka yi mamakin ƙarancin cibiyoyin da ke amfani da ita. Sai watan Yuni, lokacin da kwamitoci biyu na dindindin, SBSTA mai kula da kimiyya da fasaha da SBI mai kula da aiwatarwa, suke zama a Bonn na kusan mako biyu. Idan kuɗin cibiyarku na tafiya ɗaya ne kacal a shekara, ni dai shawarata a je Bonn. Mutane kaɗan ne, ministoci ba sa nan, kyamarori ba su da yawa, wakili yana da minti ashirin da zai zauna da kai. Kwatanta wannan da taron Dubai na 2023 da ya tara mutum fiye da 80,000, inda tafiya daga wannan zaure zuwa wancan kaɗai take cin rabin awa.

Daga Yuli zuwa Oktoba ƙungiyoyin ƙasashe ke tsara matsayarsu: ƙawancen ƙasashe masu tasowa na G77 da Sin mai mambobi 134, ƙungiyar masu tattaunawa ta Afirka mai ƙasashe 54, ƙungiyar ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba, ƙawancen ƙananan tsibirai na AOSIS mai mambobi 39, ƙungiyar ƙasashen Larabawa, da sauransu. Kowace tana da jagora a kan kowane batu, wani na kuɗi, wani na matakan jure wa sauyin yanayi, wani na kasuwar hayaƙi, wato cinikin ragin hayaƙi mai ɗumama duniya. Wannan jagoran shi ne mutuminka, ba minista ba. Ka san sunansa, ka karanta abin da ya faɗa a zaman baya, ka aika masa aikinka kafin Satumba ta ƙare.

Kuma ka zaɓi batu ɗaya. Ajandar ta yi faɗin da babu mai iya binta duka. Ni batun kuɗi na kama, na yi shekaru ban taɓa leƙa ɗakin da ake maganar sashe na 6 na Yarjejeniyar Paris ta 2015 kan sauyin yanayi ba, wato kasuwar cinikin hayaƙi, kuma ban ji kunyar cewa ban sani ba idan an tambaye ni. Da ka zaɓa, sai ka koma baya ka karanta duk ƙudurorin da aka taɓa yi a kan batun, ɗaya bayan ɗaya. Ka koyi yadda ake kiransu da lamba: 1/CP.21 shi ne ƙudurin da aka amince da Yarjejeniyar Paris a cikinsa, 1/CMA.5 shi ne sakamakon bitar duniya ta farko kan inda aka kai wajen aiwatar da Yarjejeniyar Paris, wadda aka kammala a Dubai. A wannan fagen, kalmar da aka taɓa amincewa da ita ta fi sabuwar kalma daraja ko da sabuwar ta fi kyau, domin babu wanda zai ce bai yarda da abin da ƙasarsa ta riga ta sa wa hannu ba. Don tarihin yadda aka yi ta kai ruwa rana, ka koma ga Earth Negotiations Bulletin, wadda cibiyar IISD ta Kanada ke fitarwa. Shekaru da dama ke nan marubutanta ke zama a ɗakunan nan suna rubuta wa ya ce me. Wannan ma darasi ne: cibiyar nazari ce, amma babbar gudummawarta ita ce ta zama ma'ajiyar da kowane ɓangare ya yarda ba ta ƙara gishiri.

Kalma ita ce hajar

Nan ne zan daɗe, domin nan ne mai bincike ya fi yin tuntuɓe. Mun saba rubuta shawarwari irin su “ya kamata ƙasashe masu arziki su ƙara tallafi.” Wakili ba shi da inda zai kai wannan jimlar. Abin da yake gabansa daftari ne cike da baka biyu masu kusurwa, kowace baka na nufin ba a yarda da abin da ke cikinta ba tukuna, wani sakin layin ma zaɓi huɗu ne a jere. Tambayarsa ita ce: wane fi'ili, a wane sakin layi, wa aka ɗora wa aikin, zuwa yaushe?

Fi'ilan nan hawa-hawa ne. Idan taro “ya yanke shawara,” magana ta zauna. Idan “ya buƙaci” sakatariya ko wani kwamiti ya yi abu, za a yi. Idan “ya yi kira” ko “ya ƙarfafa gwiwar” ƙasashe, wanda ya ga dama ya yi. Idan kuwa “ya lura” da abu, to an gan shi ne kawai an wuce.

A daren 12 ga Disamba 2015 a Paris, an jinkirta zaman ƙarshe fiye da awa guda saboda kalma ɗaya a sashe na 4, sakin layi na 4. Daftarin ya zo da “shall,” wadda ke wajabta wa ƙasashe masu arziki rage hayaƙi a shari'ance, maimakon “should,” wadda ke nufin ya kamata. Amurka ta ce ba za ta iya shiga ba idan aka bar ta farko, domin hakan zai sa a kai yarjejeniyar gaban majalisar dattawanta. Aka sanar da cewa kuskuren buga rubutu ne, aka gyara, shugaban taron Laurent Fabius ya buga guduma. A Katowice ta ƙasar Poland a 2018, rigimar a kan rahoton IPCC ne, kwamitin masana kimiyyar yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, game da ɗumamar duniya da digiri 1.5. Yawancin ƙasashe na son a ce an “yi maraba” da shi, Amurka da Saudiyya da Rasha da Kuwait suka ce a'a, a ce dai an “lura” da shi. A ƙarshe aka yi maraba da kammala rahoton a kan lokaci, ba da abin da ke cikinsa ba. Ka ga irin dabarar. A Glasgow a 2021 kuma, a mintunan ƙarshe Indiya, da goyon bayan Sin, ta sa aka sauya “daina” amfani da kwal zuwa “rage” amfani da shi, har shugaban taron Alok Sharma ya nemi afuwar zauren muryarsa na rawa.

To yaya za ka yi amfani da wannan? Duk bincike da kuka gama, ku fitar da takarda ta biyu daga cikinsa, shafi ɗaya ko biyu. A sama ka rubuta lambar batun a ajanda. Sai jimla biyu kan abin da ake jayayya a kai. Sai jimlar da kake ba da shawarar a saka, a rubuce tsaf yadda za a iya kwafe ta a liƙa a daftari. A ƙarƙashinta ka ba da ta biyu mai sauƙi, wadda za a iya komawa gare ta idan an ƙi ta farko, ka kuma nuna abin da za a rasa idan aka koma ɗin. Sai tsofaffin ƙudurorin da ke mara mata baya. Sai abin da ɗaya ɓangaren zai ce, da amsarsa. Wannan na ƙarshen shi wakilai suka fi gode mini a kai, kuma shi ya fi wuyar rubutawa, domin sai ka zauna ka fahimci hujjar wanda ba ka goyon baya har ka iya faɗarta yadda shi ma zai yarda haka yake nufi.

Kada ka manta da harshe. Tafinta cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya a babban zaure kawai ake yi. A ƙananan ɗakuna, inda ainihin cinikin yake, Ingilishi ne zalla, kuma da gudu. Wakilin da ya yi karatunsa da Faransanci ko Larabci ko Fotugis yana fama da abu biyu a lokaci guda. Fassara takardarka zuwa Faransanci kaɗai ta isa ta sa rabin wata ƙungiya ta karanta ta.

Alƙaluman da za su jure duka

A Kopenhegen a 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin samar da dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020. Ba a fayyace me ake ƙirgawa ba: bashi yana ciki? Jarin 'yan kasuwa fa? Tallafin da dama can ana bayarwa aka sauya masa suna fa? Sakamakon haka, ƙungiyar OECD, wadda yawancin mambobinta ƙasashe masu arziki ne, ta ce a 2020 an samar da dala biliyan 83.3, ƙungiyar agaji ta Oxfam kuma ta ce ainihin darajar tallafin tana tsakanin biliyan 21 da 24.5, domin mafi yawansa bashi ne da za a biya. OECD ta ce an cika alkawarin a 2022 da biliyan 115.9, shekara biyu a makare. Duka ɓangarorin suna da lissafi, bambancin yana wurin ma'ana. Wannan giɓin shi ne gonar cibiyar nazari.

Ka duba yadda adadi ke tafiya daga takarda zuwa zaure. Kwamitin masana da Vera Songwe da Nicholas Stern suka jagoranta ya ƙiyasta a 2022 cewa ƙasashe masu tasowa, ban da Sin, suna buƙatar dala tiriliyan 1 duk shekara daga waje kafin 2030, daga baya ya ce tiriliyan 1.3 kafin 2035. A Baku a 2024, tiriliyan 1.3 shi ne abin da ƙasashe masu tasowa suka nema. Tayin farko da ya fito biliyan 250 ne, wakilan tsibirai da na ƙasashe mafi talauci suka fice daga ɗaki na ɗan lokaci, aka ƙare a biliyan 300 duk shekara kafin 2035, tiriliyan 1.3 ɗin kuma ya shiga rubutu a matsayin kira ga kowa da kowa. Bincike bai kawo kuɗin ba. Abin da ya yi shi ne ya kafa ma'aunin da duniya ta auna biliyan 300 da shi ta ga ƙanƙantarsa.

Nawa kuskuren a nan ya faru. Na taɓa haɗa kuɗin da aka yi alkawari da wanda aka riga aka fitar a jadawali ɗaya ban bambance ba. Wani wakili ya karanta adadin a ɗaki, wakiliyar wata ƙasa mai ba da tallafi ta gyara masa a gaban kowa, da ladabi, wanda ya fi zagi ciwo. Bai yi mini faɗa ba. Bai dai sake amsa saƙona ba sai bayan shekara biyu. Tun daga nan, duk adadin da zai fita daga hannuna sai ya zo da shekararsa, da inda aka samo shi, da abin da aka ƙirga da wanda aka bari, kuma sai wani abokin aiki da bai sa hannu a lissafin ba ya yi ƙoƙarin rusa shi. Idan adadin yana tsakanin kaza da kaza ne, ka faɗi duka biyun. Kada ka zaɓi wanda ya fi tayar da hankali.

Wanda kake yi wa aiki

Wasu ƙasashe suna zuwa da ɗaruruwan mutane, da lauyoyi da masana tattalin arziki, wasu na barci wasu na aiki. Wasu kuma mutum uku ne ko huɗu, ga taruka goma suna gudana a lokaci guda. A nan ne cibiyar nazari ta fi amfani, kuma aikin ba na ado ba ne: zama a ɗakin da ba su samu zuwa ba ka rubuta musu abin da aka ce, kwatanta daftarin daren jiya da na safiyar yau ka ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da ta sauya, shirya bita ga sababbin wakilai kafin taro.

Akwai cibiyoyin da suka yi suna a wannan. IIED ta Landan ta daɗe tana tallafa wa ƙungiyar ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba. Climate Analytics ta yi wa ƙananan tsibirai aikin kimiyya a kan iyakar digiri 1.5, a lokacin da manyan ƙasashe ke ganin digiri 2 ya wadatar. Zaman masana da aka yi daga 2013 zuwa 2015 ya nuna cewa digiri 2 ba iyakar tsira ba ce, adadin 1.5 kuma ya shiga sashe na 2 na Yarjejeniyar Paris. Batun asara da ɓarnar da sauyin yanayi ke jawo wa ƙasashe ya fi wannan daɗewa. Vanuatu ce ta fara kawo shi a madadin tsibirai a 1991. Sai 2013 aka kafa masa tsari a Warsaw, sai 2022 aka amince da asusu a Sharm el-Sheikh ta Masar. Saleemul Huq, masanin Bangladesh da ya jagoranci cibiyar ICCCAD a Dhaka, ya yi shekaru yana horar da wakilai yana tura wannan batu. Ya rasu a ƙarshen Oktoba 2023, wata guda kafin a ƙaddamar da asusun a ranar farko ta taron Dubai. Duk lokacin da mai ba mu tallafi ya tambaye ni wane sauyi aikinmu ya kawo cikin wata goma sha biyu, shi nake tunawa.

Amma fa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai ka san lissafi, shi ya san abin da ministansa zai iya ɗauka, da abin da ƙasarsa ta yi wa maƙwabciyarta alkawari a wani teburin da ba ka sani ba. Ka ba shi zaɓi da abin da kowane zaɓi zai jawo, ka bar masa hukunci. Na ga masu bincike, musamman daga cibiyoyi masu kuɗi, suna rubuta wa ƙaramar tawaga jawabi kamar su ne gwamnatin. Wakilai suna ganewa, kuma suna faɗa wa juna.

Sai amana. Abin da wakili ya faɗa maka a baranda ba na shafinka na sada zumunta ba ne. Daftarin da aka turo maka a ɓoye ba na ɗan jarida ba ne. Idan jimlarka ta shiga ƙuduri, ka yi murna a cikinka, kada ka fito ka ce taku ce, domin da zarar an san daga waje ta zo, wani zai nemi a cire ta a zama na gaba. Ka kuma bayyana masu ba ku kuɗi kafin a tambaya. Tun 2023 ake buƙatar mahalarta su faɗi wanda suke wakilta, saboda ƙorafin yawan masu kare muradun kamfanonin mai da gas. Mu ma wani mai tallafi ya taɓa neman mu sassauta wani sakin layi da ya shafi ƙasarsa. Muka ƙi, ba a sabunta tallafin ba, muka rage ma'aikaci ɗaya. Ban ce abu ne mai sauƙi ba.

A cikin mako biyun

Tarukan gefe da kowa ke rububin samun gurbinsu, a ganina an cika zuzuta su. Yawanci masu sa ido ne ke yi wa masu sa ido jawabi, wakilai suna can ɗaki. Idan za ku yi, ku haɗa kai da wata ƙasa ko wata cibiya, ku sa wakili a kan dandamali. Abin da ya fi shi amfani shi ne ƙaramin zama na mutum goma sha biyu daga ɓangarori masu jayayya, bisa ƙa'idar Chatham House, wato a iya amfani da abin da aka ji amma ba a faɗin wa ya faɗa. Cibiyar da kowa ya yarda ba ta da ɓangare ita kaɗai ke iya kiran irin wannan zama a amsa mata.

Makon farko na ƙwararru ne, na biyu na ministoci. Da an shiga na biyu ƙofofi za su fara rufuwa, aikinka ya koma waya. Ku raba dare tsakaninku, domin sabon daftari yana iya fitowa ƙarfe uku na asuba, wanda ya fara fitar da kwatanci mai tsafta kuma shi za a karanta. 'Yan jarida za su zo neman wanda zai ce an ci nasara ko an faɗi. Ka ba su abin da rubutun ya ce da abin da bai ce ba. Idan suna son auna alkawuran ƙasashe, ga rahoton giɓin hayaƙi da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke fitarwa duk shekara, ga Climate Action Tracker da ke wannan aikin tun 2009. Kada ka sayi tikitin komawa na ranar Juma'ar rufewa: taron Madrid na 2019 sai ranar Lahadi ya ƙare, na Baku ma sai asubahin Lahadi. Ka tanadi takalmi mara tsini, da batirin caji na aljihu.

Kuma ka zauna a zaure har a buga gudumar ƙarshe. A Dubai an amince da rubutun da ya yi kiran kaucewa daga man fetur da gas da kwal cikin 'yan mintuna da buɗe zama, ana ta tafi, sai Anne Rasmussen ta Samoa ta karɓi magana ta ce wakilan tsibirai ba sa cikin ɗakin lokacin da aka yanke. Irin waɗannan jawaban na bayan guduma suna shiga rahoton taro, kuma daga cikinsu za ka gane inda rigimar baɗi za ta tashi.

Da ka koma ofis, kafin gajiya ta sake ka ka manta, ka rubuta shafi uku: abin da aka yanke a batunka, abin da aka ɗage, da wanda ya ƙi me. Batun da aka kasa cimma matsaya a kansa, doka ta 16 ta tsarin gudanar da taro tana mayar da shi ajandar zama na gaba kai tsaye, don haka zai jira ka a Bonn. Ka aika wa wakilan da ka yi aiki da su, ka tambaye su abin da ya yi musu amfani da wanda bai yi ba. Sannan ka buɗe ƙudurorin da aka amince da su, ka bi su sakin layi bayan sakin layi, duk inda aka gayyaci masu sa ido su rubuto ra'ayi ka ɗauki ranar ka sa a kalanda. Ta farko ba za ta wuce wata uku ko huɗu ba.